Gyaran da Matafiyi Ke Bari a Filin Jirgi



Duk wanda ya taɓa sayen shinkafa a kasuwar Tudun Wada, ko masara a kasuwannin Doguwa, ya san cewa ciniki ba ya ƙarewa da kwanon ƙarshe. Bayan an gama awo, mai saye yakan tsaya riƙe da bakin buhu yana jira, sai mai hatsi ya dumbuza da hannu biyu ya zuba masa gyara. Ba wanda yake jin kunyar karɓa, domin haƙƙin ciniki ne, kuma da shi mai kaya yake jawo mutum ya dawo masa wata kasuwar.

Kamfanonin jiragen sama ma suna ba da gyara. Nasu gyaran maki ne da ake lissafawa da mil, gwargwadon nisan tafiya da irin tikitin da mutum ya saya, ana tara masa a wani asusu mai ɗauke da sunansa. Idan makin ya taru, yana iya sayen tikiti da shi, ko ya sauya kujera zuwa ta alfarma, ko ya kai matsayin da za a ƙara masa nauyin kaya. Kamfanin American Airlines na Amurka ne ya fito da tsarin da ya yaɗu a duniya a shekarar 1981, kuma yau da wuya a sami babban kamfanin jirgi da ba shi da irinsa. Rajista kyauta ce. Amma da yawa daga cikin matafiyan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, masu zuwa Umara da masu sarin kaya a Sin da Dubai da ɗaliban da ke karatu a Masar, suna juya baya su bar wannan gyara a kan teburin awo.

A Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano, ga yadda abin yakan kasance. Dattijo ya baro gida tun asuba, ya ratso Dajin Falgore, ya hau titin Zariya zuwa Kano, ya iso da jakunkuna biyu da gajiya. Ma'aikaciyar da ke karɓar fasfo ta ɗago kai ta ce, "Baba, akwai lambar asusun maki?" Shi kuma sai ya ce, "A'a 'yata, ejan ne ya yanko mini tikitin, ban san wannan ba." Ta buga masa katin shiga jirgi, ta miƙa masa, aka wuce wurin. Tambayar ba ta ɗauki daƙiƙa goma ba, amma mil dubbai sun tafi a cikinta.

Wannan asara ce ta farko, ta wanda bai buɗe asusu ba sam. Akwai ta biyu da ta fi ta ban takaici, ta wanda ya buɗe asusu har uku ko huɗu, kowane kamfani da nasa, yana zaton dabara ya yi. Makinsa na Ethiopian Airlines yana ShebaMiles, na EgyptAir yana EgyptAir Plus, na Turkish Airlines yana Miles&Smiles. Kowanne ɗan kaɗan ne, ba wanda ya isa sayen komai, kuma wa'adi yana cin su ɗaya bayan ɗaya. Abin da bai sani ba shi ne waɗannan kamfanoni uku 'yan ayari ɗaya ne, kuma da lamba ɗaya tak zai iya karɓar gyaran dukkansu.

Mutanen Bebeji ba baƙi ba ne a sha'anin ayari. A garin aka haifi Alhassan Ɗantata a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa fatake masu zuwa Gwanja sayo goro. A ayarin wancan zamani kowane falke da jakunansa da dukiyarsa da ribarsa, amma madugu ɗaya ake bi, zango ɗaya ake saukewa, kuma yarjejeniyar da madugu ya ƙulla da sarakunan hanya ta shafi kowa. Kamfanonin jirage sun yi irin wannan haɗaka. A watan Mayun 1997 kamfanoni 5, wato United da Lufthansa da Air Canada da SAS da Thai Airways, suka kafa ƙawancen Star Alliance. Na biyu, oneworld, ya fara aiki a 1999, sai SkyTeam a 2000. Kowane kamfani yana nan da jiragensa da kuɗin shigarsa, amma sun amince cewa fasinjan ɗayansu zai iya tara maki kuma ya kashe shi a jirgin ɗan'uwansa.

Yanzu sai a duba jiragen da mutanen kudancin Kano suka fi hawa. EgyptAir, mai tashi daga Kano zuwa Alƙahira, ya shiga Star Alliance a 2008, shekarar da Turkish Airlines ma ya shiga. Ethiopian ya bi su a Disambar 2011, ya kuma fara sauka a Kano a 2014. Air China da Shenzhen Airlines, waɗanda ɗan kasuwa zai iya hawa a cikin ƙasar Sin, duk 'yan wannan gida ne. Saudia kuwa yana SkyTeam tun 2012, tare da Air France da KLM da Kenya Airways, kuma sunan asusunsa Alfursan. Qatar Airways, wanda ya fara zuwa Kano a Maris ɗin 2022, yana oneworld tun 2013, tare da British Airways da Royal Air Maroc. Emirates ba ya cikin ko ɗaya daga cikin ukun, sai dai tun 2018 asusunsa na Skywards ɗaya ne da na flydubai. Makin Saudia ba ya shiga asusun Ethiopian, na Qatar ba ya shiga na EgyptAir. Amma tsakanin 'yan gida ɗaya ƙofa a buɗe take.

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa daga Kiru mai shago a Kantin Kwari, wanda yake zuwa Guangzhou sau biyu a shekara, lokacin baje kolin Canton na watan Afrilu da na Oktoba, sannan ya je Umara da azumi. Daga Kano zuwa Addis Ababa kimanin mil 2,000 ne, daga can zuwa Guangzhou kusan mil 5,000. Zuwa da dawowa ya tashi wajen mil 14,000, tafiya biyu kuma 28,000. Umara ta Alƙahira, wato kusan mil 1,900 daga Kano da wasu 750 zuwa Jidda, ta kai kimanin 5,300 zuwa da dawowa. Idan ya hau Ethiopian a tafiyar farko, EgyptAir a ta biyu da kuma Umara, ya ba kowa lambarsa daban, zai wayi gari da 'yan tsirarun maki a wuri biyu. Idan kuwa lamba ɗaya ya miƙa a duk tafiye-tafiyen, asusu guda zai iya haura mil 30,000 a shekara. A tsarin Turkish, mil 40,000 cikin wata 12 ne ke kai mutum matakin Elite, wanda duk 'yan Star Alliance suke ɗauka a matsayin katin zinare. Mai zuwa Sin sau uku a shekara yana bakin wannan ƙofa ko da bai taɓa taka Istanbul ba.

Katin zinaren nan ba ado ba ne ga mai sarin kaya. Mai riƙe da shi yana samun ƙarin kilo 20, ko ƙarin jaka ɗaya, a kan abin da tikitinsa ya ba shi a mafi yawan jiragen ƙawancen. Ba ya bin dogon layin awo, jakarsa tana cikin na farko da za su fito, kuma yana shiga ɗakin hutu inda akwai abinci da wurin zama a natse. Wanda ya taɓa yin awa bakwai a kan kujerar ƙarfe a filin jirgin Bole na Addis Ababa yana jiran jirgin tsakar dare, ko ya tsaya a gaban sikeli a Guangzhou yana fitar da atamfa da takalma daga jaka yana cusawa a leda saboda rarar kilo huɗu, ya san darajar wannan. Matakin azurfa da ke ƙasa da shi yakan kawo ɗan sauƙi a jirgin kamfanin da ya bayar, amma a jiragen sauran abokan ƙawance amfaninsa kaɗan ne.

Sai dai lissafin nan na mil 30,000 yana da sharaɗi, kuma a nan ne mutane da yawa suke shan mamaki. A cikin ɗaki ɗaya na jirgi, kujeru iri ɗaya, abinci iri ɗaya, fasinjoji ba farashi ɗaya suka biya ba. Kowane tikiti yana da harafi guda, Y ko M ko Q ko V da makamantansu, a rubuce a takardar tikiti kusa da lambar jirgi da ranar tafiya. Wannan harafi shi ne ajin tikitin. Mai tsada yana ba da cikakken mil, mai rangwame ya ba da rabi ko rubu'i, mafi araha kuma wani lokaci ba ya ba da komai. Abin da ya ƙara wa lamarin sarƙaƙiya shi ne kowane asusu da nasa jadawalin. Harafin da ShebaMiles zai ba wa rabin maki, wani asusun na abokin ƙawance yana iya ba shi rubu'i, ko ya hana shi gaba ɗaya. Jadawalan nan suna shafin intanet na kowane kamfani, kuma suna canzawa, don haka kafin mutum ya zaɓi inda zai zuba makinsa, ya dace ya ɗauko tsofaffin tikitocinsa ya ga harafin da ejan ɗinsa ya saba yanko masa. Idan rabi yake samu, jimillar mil 33,000 na ɗan kasuwan nan na Kiru sun koma ƙasa da 17,000. Ba laifi, har yanzu abin tarawa ne, amma zinare ya yi nisa.

Wani abu ya faru a 'yan shekarun nan da ya sa wannan asara ta ƙara zafi. A 2022 da 2023 kuɗaɗen kamfanonin jiragen waje sun maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, har ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce a tsakiyar 2023 adadin ya haura dala miliyan 800. Emirates ya dakatar da zuwa ƙasar, bai dawo Legas ba sai Oktoban 2024. Sauran kamfanonin suka rufe azuzuwan tikiti masu araha ga masu saye da naira, suka bar masu tsada. Mutanen da suka yi Umara ko suka je sari a wannan tsakani sun biya kuɗi masu nauyi, kuma azuzuwan da aka tilasta musu saye su ne masu ba da maki mafi yawa. Wanda ba shi da lamba ya biya tsadar, bai karɓi gyaran ba.

Akwai kuma batun jirgin da kamfanoni biyu suke sayar da kujerunsa. Mutum zai ga lambar kamfani ɗaya a tikiti, ya je ya tarar jirgin wani ne. A Star Alliance, galibi kamfanin da ya tuƙa jirgin ake dubawa. Idan shi ba ɗan gida ba ne, makin yana iya ƙin shiga, ko da tikitin daga hannun ɗan gida ya fito.

Matsalar da ta fi kama mutanen wannan yanki kai tsaye ita ce ta suna. Kwamfuta ba ta san cewa Muhammad da Mohammed da Muhammed mutum ɗaya ba ne. Al'adar sanya sunan gari a ƙarshen suna ta ƙara dagula lissafi: a fasfo an rubuta Tudunwada a haɗe, a asusu mutum ya rubuta Tudun Wada a rabe, ko ma ya taƙaita shi T/Wada kamar yadda ya saba tun firamare. Wani a fasfonsa Doguwa ne sunan dangi, a asusu kuma ya sa sunan mahaifinsa. Da zarar sunan tikiti ya saɓa da na asusu, makin ba zai shiga da kansa ba, kuma ba wanda zai buga waya ya faɗa masa. Mai buɗe asusu ya buɗe fasfonsa a gabansa, ya kwafa harafi da harafi, ya sa sunan dangi inda fasfo ya sa shi.

Daga nan sai maganar ejan, kuma dole a yi ta da adalci. Mafi yawan matafiyan karkara ba sa sayen tikiti da kansu. Suna da ejan a Kano da suka amince da shi shekara da shekaru, shi ke nemo biza, ya kama masauki, ya yanki tikiti, wani lokaci ma bashi. Wannan amana ce mai kyau. Shigar da lambar asusun fasinja cikin tikiti aikin minti ɗaya ne a wurinsa, kuma ejan nagari zai yi da zarar an ba shi. Yawancinsu ba sa tambaya ne kawai domin ba a taɓa nema ba. Amma akwai ɓata-gari a kowace sana'a. Tunda fasfon mutum yana hannunsu, suna iya buɗe asusu da sunansa, su sa nasu imel da lambar waya, makin ya yi ta taruwa shekaru mai shi bai sani ba, su yanki tikiti da shi su sayar wa wani. Maganin wannan shi ne mutum ya buɗe asusunsa da kansa, ko ɗansa ya buɗe masa a waya, da lambar wayarsa da imel ɗin da yake iya shiga. Ejan lamba kawai yake buƙata, kalmar sirri ba ta cikin aikinsa. Su ma masu tallan sayar da maki a farashi mai sauƙi abin gudu ne, domin ƙa'idojin yawancin kamfanoni sun hana cinikin maki a bayan fage, kuma idan aka gano ana iya soke tikitin a rufe asusun.

Maniyyatan da ke tafiya ta hannun Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano su kwantar da hankalinsu, wannan magana ba ta shafi tafiyarsu ba. Jigilar da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, take ba kamfanoni irin su Max Air da Flynas da Air Peace ta jirgin shata ce, kuma irin wannan jirgi a al'ada ba ya ba da maki. Masu bin jirgin yawo da masu Umara ne abin ya shafa, domin su sau da yawa jiragen da ke zirga-zirgar yau da kullum suke hawa. Ko a nan, tikitin da aka yanka wa rukuni guda a farashi na musamman yana iya zuwa da harafin da ba ya ba da komai, don haka tambaya tun kafin biya ta fi. Haka kuma babu kamfanin Najeriya ko ɗaya a cikin manyan ƙawancen nan uku. Tafiyar da mutum ya yi daga Kano zuwa Legas ko Abuja a Air Peace ko Max Air ko Rano Air don ya kama jirgin waje ba za ta shiga ShebaMiles ko Alfursan ba.

To wane asusu ya dace mutum ya riƙe? A ganin mai wannan sharhi, amsar tana ga hanyar da mutum ya fi bi, da kuma yawan bin ta. Mai yawan zuwa Sin ta Addis Ababa ko Alƙahira ya zaɓi guda cikin 'yan Star Alliance, kuma mafi sauƙi shi ne na kamfanin da ya fi hawa, wanda yake da ofis a Kano inda zai iya zuwa da ƙafarsa idan an sami tangarɗa. Wanda tafiyarsa duka Jidda da Madina ce a Saudia, Alfursan ya ishe shi. Wanda yake tsallakawa tsakanin gidaje biyu, to asusu biyu, ɗaya a kowane gida, ba huɗu ba. Mai tafiya jefi-jefi kuwa wa'adi ya kamata ya fi dubawa. Makin Miles&Smiles yana ƙonewa bayan shekara 3, ko ana tafiya ko ba a yi. Na Qatar, wanda ya koma Avios a 2022, yana nan da ransa muddin ba a yi wata 36 ba tare da wani motsi a asusun ba.

Magidanci mai biya wa iyali Umara yana da nasa abin lura. Maki na wanda ya zauna a kujera ne, ba na wanda ya biya kuɗi ba. Alhajin da ya biya wa mahaifiyarsa da matansa biyu ba zai ga nasu makin a asusunsa ba. Amma EgyptAir da Qatar Airways suna da tsarin asusun iyali, inda ake haɗa makin 'yan gida wuri guda bisa sharuɗɗan kowane kamfani. Mutum huɗu da suka yi Umara ta Alƙahira a ajin da ke ba da cikakken maki sun tara sama da mil 20,000 a tafiya ɗaya, abin da mutum ɗaya zai yi shekara huɗu yana nema.

Kada dai zancen ya ruɗi kowa har ya sayi tikiti mai tsada don neman maki. Ba wanda yake barin shinkafa mai sauƙi ya je ga mai tsada saboda hannun mai awo ya fi girma. Tikitin da ake saye da maki ma ba kyauta ba ne ɗungurungum, domin haraji da kuɗin filin jirgi suna kan matafiyi, kuma kujerun da kamfanoni ke warewa don haka sukan yi wuya a goman ƙarshe na azumi da lokacin baje koli, daidai sa'ar da mutanenmu suka fi buƙata. Wanda ya tara ya nemi kujerarsa da wuri, watanni kafin tafiya.

Wanda ya riga ya yi tafiya bai ba da lamba ba, ƙila bai makara ba. Kamfanoni suna karɓar ƙorafin makin da bai shiga ba, wasu cikin wata 6, wasu har shekara, kodayake wasunsu ba sa lissafa tafiyar da aka yi tun kafin buɗe asusu sai ta kwana-kwanan nan. Abu biyu ake nema: katin shiga jirgi, da lambar tikiti mai alƙaluma 13. Ukun farko suna nuna kamfanin da ya yanka, 071 na Ethiopian, 077 na EgyptAir, 235 na Turkish, 065 na Saudia, 157 na Qatar. Tafiya ɗaya asusu ɗaya take shiga, kuma idan ta riga ta shiga wani, mayar da ita wani wurin abu ne mai wuya. Shi ya sa dubawa ta fi sauƙi tun a gaban teburin awo a Kano: idan lambar ta shiga, sau da yawa ana ganin ta a jikin katin, da haruffa biyu na kamfanin a gabanta, ET ko MS ko TK. Idan babu, ma'aikaciyar nan tana iya shigar da ita nan take ta sake buga wani katin, kafin jaka ta wuce kan bel. Katin kuma a ɗauki hotonsa da waya tun a ɗakin jira, domin tawadarsa takan dushe cikin 'yan makonni a aljihun riga, musamman a zafin bazara.